FASHIN BAƘI: Yadda ake auna haɗarin ƙananan madatsun ƙasa masu zaman kansu, da inda ma'aunin ke yin tuntuɓe

Da asubahin ranar 14 ga Maris, 2006, wata tsohuwar madatsar ruwa mai suna Ka Loko ta ɓalle a tsibirin Kauai da ke jihar Hawai ta Amurka. Ruwan da ya kwararo ya kai kimanin lita biliyan ɗaya da rabi, wato abin da zai cika tankar mai fiye da 45,000, irin mai cin lita 33,000. Ya bi kwari ya gangara teku, ya share gidaje, ya kashe mutum bakwai, cikinsu har da mace mai juna biyu da wani ƙaramin yaro. Madatsar tana hannun wani attajiri ne. A takardun hukuma kuwa tana cikin rukunin da aka yi wa lambar "ƙaramin haɗari", wato waɗanda aka ɗauka ko sun karye ba za a rasa rai ba.

Wannan lamba ita ce ginshiƙin sa ido kan madatsun ruwa a ƙasashe da dama. Ita ke yanke yawan ziyarar da injiniyan gwamnati zai kai wa madatsa, da girman hanyar da za a tanada domin rarar ruwa, da ko za a tilasta wa mai ita ya tsara yadda za a kwashe jama'a idan abu ya ɓaci. Duk da haka, ana yawan yi mata gurguwar fahimta. Ga bayani kan abin da take nufi, abin da ba ta aunawa, da yadda takan tsufa a cikin fayil alhali mutane na ta gina gidaje a ƙarƙashin ruwa.

Mece ce madatsar ƙasa?

Madatsar ƙasa tudu ce da ake ginawa a gicciye a kan rafi ko kwari domin tare ruwa. Ana zuba ƙasar shimfiɗa bayan shimfiɗa, ana jiƙa ta daidai gwargwado, ana daɓe ta da manyan injuna. Wadda aka gina bisa ƙa'ida takan samu zuciyar yumɓu a tsakiya domin rage ratsawar ruwa, da shimfiɗar yashi da tsakuwa da ke tace ruwan da ya ratso, da bututun da ake buɗewa idan ana son rage tafkin. Sai kuma mafitar rarar ruwa, wato wata faffaɗar hanya da ake yankewa ƙasa da doron madatsar, domin idan tafki ya cika ruwan ya bi ta can ya wuce.

Ita ce nau'in madatsa mafi yawa a duniya, saboda kayan gininta na nan a wurin, kuma ta fi ta kankare arha nesa ba kusa ba. Manoma na gina ta domin ban-ruwa da shayar da dabbobi, kamfanonin haƙar ma'adinai domin tara ruwan wanki, masu gidajen shaƙatawa domin kiwon kifi da wasan kwale-kwale.

Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da manyan madatsu, ICOLD, tana kiran madatsa babba idan tsayinta ya kai mita 15, ko kuma tana tsakanin mita 5 zuwa 15 amma tana riƙe da ruwan da ya haura kubik mita miliyan 3. Duk abin da ya gaza haka ƙarami ne a lissafin injiniyoyi. Sai dai ya kamata mai karatu ya tuna cewa kubik mita ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, nauyinsa kuwa tan guda. Tafkin gona mai kubik mita 50,000 yana ɗauke da tan 50,000 ke nan, a sama da kan duk wanda ke kwana a kwarin.

Hanyoyi uku da take ɓallewa

Hanya ta farko ita ce ruwa ya haura doro. Kankare na iya jure ruwa ya bi ta kansa, ƙasa kuwa ba ta iyawa. Da zarar ruwa ya fara zuba ta baya, sai ya riƙa cin gangaren yana komawa sama, har ya yanke doron gaba ɗaya, wani lokaci cikin ƙasa da awa guda. Wannan na faruwa ne idan mafitar rarar ruwa ta yi ƙanƙanta, ko ta toshe da itatuwa da shara, ko an cike ta da gangan, ko kuma doron ya lotsa saboda tsufa.

Ta biyu ita ce zaizayar ciki. Babu madatsar ƙasar da ruwa ba ya ratsawa. Aikin injiniya shi ne ya tabbatar ruwan ya fito ba tare da ya kwaso ƙasa ba. Idan ya fara kwasowa, sai wani siririn rami ya buɗe daga baya yana cin gaba zuwa tafki. Saiwar bishiyar da ta mutu ta ruɓe, ramin gafiya, shurin gara da gefen tsohon bututu mai tsatsa, duk ƙofofi ne ga wannan ɓarna. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin tsoro game da zaizayar ciki shi ne tana iya karya madatsa da rana tsaka, ba hadari ba ruwan sama.

Ta uku ita ce raunin tushe da zamewar gangare. Idan ƙasar da aka ɗora ginin a kai ba ta da ƙwari, ko ba a daɓe jikin madatsar da kyau ba, ko gangaren ya miƙe tsaye fiye da kima, wani ɓangare na iya sulluɓewa idan ya sha ruwa ya ƙoshi.

Ƙungiyar jami'an kula da lafiyar madatsu ta jihohin Amurka, ASDSO, ta ƙiyasta cewa haurawar ruwa ce ke haddasa kusan kashi 34 cikin ɗari na karyewar madatsu a ƙasar, raunin tushe da zamewa kusan kashi 30, zaizayar ciki kuwa kusan kashi 20.

Matakai uku na haɗari

Amurka na tattara bayanai masu yawa a bainar jama'a kan wannan batu, shi ya sa tsarinta ya zama abin misali. Sashen injiniyoyi na rundunar sojin ƙasar ne ke riƙe da kundin madatsu na ƙasa, wanda ke ɗauke da fiye da 90,000. Fiye da rabinsu na hannun 'yan kasuwa, manoma, ƙungiyoyin masu gidaje da ɗaiɗaikun mutane, akasarinsu na ƙasa ne, kuma matsakaicin shekarunsu ya haura 50. Gwamnatocin jihohi ne ke sa ido kan mafi yawansu.

Jagorar da hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta fitar ta kasa madatsu gida uku:

Babban haɗari: wadda idan ta karye, ko aka yi kuskure wajen sarrafa ta, akwai yiwuwar a rasa rai ko da na mutum ɗaya ne. Fiye da madatsu 15,000 ne ke cikin wannan rukuni.

Matsakaicin haɗari: wadda ba a sa ran za ta kashe kowa, amma za ta jawo asarar dukiya, ta lalata muhalli, ko ta katse hanya, lantarki ko ruwan sha.

Ƙaramin haɗari: wadda ba a sa ran asarar rai, kuma ɓarnar ba za ta wuce gonar mai ita da kaɗan ba.

Ana gano matakin ne ta hanyar lissafa inda ruwan zai bi idan madatsar ta karye a cike, zurfin da zai kai, saurinsa, da mintocin da zai ɗauka kafin ya isa kowane wuri. Sai a zana taswirar ambaliyar, a duba abin da ke cikinta: gida, makaranta, kasuwa, gada ko daji kawai.

Matakin na da sakamako na kuɗi kai tsaye. A jihohi da dama, ana buƙatar madatsa mai babban haɗari ta iya fitar da ambaliya mafi girma da masana ke ganin za ta iya aukuwa a yankin, ko wani babban kaso nata. Mai ƙaramin haɗari kuwa akan amince mata da mafitar da za ta ɗauki abin da ake kira ambaliyar shekara 100. Wannan suna na da ruɗi: ma'anarsa ita ce a kowace damina akwai yiwuwar kashi 1 cikin ɗari ta faru, wanda idan aka tara na shekara 30 ya kai kusan kashi 26. Haka kuma mai babban haɗari akan duba ta duk shekara ɗaya ko biyu, mai ƙarami kuwa sai bayan shekara biyar ko fiye, a wasu wuraren ma ba a zuwa sam.

Haɗari daban, lafiya daban

A nan ne aka fi yin kuskure. Matakin haɗari ba ya cewa komai game da ƙwarin ginin. Yana kallon abin da ke ƙasa da madatsa ne kawai. Sabuwar madatsa da aka gina da ƙwararrun injiniyoyi a saman gari tana da babban haɗari tun ranar da aka buɗe ta. Wadda ta ruɓe, bishiyoyi suka cinye ta, tana yoyo ta ko'ina, tana iya zama mai ƙaramin haɗari muddin babu kowa a kwarin.

Lafiyar ginin ana auna ta da wani ma'auni na dabam. Kundin Amurka na amfani da matakai huɗu: gamsasshiya, mai dama-dama, mai rauni, da wadda ke buƙatar gyaran gaggawa. Akwai kuma rukunin waɗanda ba a tantance ba, kuma ƙananan madatsu masu zaman kansu da yawa a can suke.

Ainihin barazanar tana bayyana ne idan aka haɗa ma'aunan biyu. A 2019, binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya gano madatsu 1,688 a jihohi 44 da yankin Puerto Rico waɗanda ke da babban haɗari kuma lafiyarsu ta faɗa matakai biyu na ƙasa. Duk wanda ya ji jami'i ya ce madatsa "ba ta da haɗari", ya kamata ya tambaye shi wanne daga cikin ma'aunan biyu yake nufi, kuma yaushe aka auna.

Abin da ya faru a Ka Loko

An gina Ka Loko a 1890 domin shayar da gonakin rake. Tsayinta kusan mita 12 ne. Bayan noman rake ya ja baya a yankin, filin ya koma hannun James Pflueger, wani attajirin dillalin motoci. A tsawon shekarun, kwarin da ke ƙasa ya samu sababbin mazauna, amma lambar madatsar ba ta canja ba.

Binciken da lauya Robert Godbey ya jagoranta bisa umarnin jihar, wanda aka fitar a Janairun 2007, ya gano cewa jami'an jihar ba su taɓa duba madatsar ba, duk da cewa doka ta tanadi dubawa a kai a kai. Ofishin da ke da alhakin ba shi da isassun ma'aikata da kuɗi, kuma ɗan abin da ke hannunsa yana tafiya ne ga madatsu masu babban haɗari. Binciken ya kuma nuna alamun cewa an cike mafitar rarar ruwa da ƙasa yayin wani aikin share fili a ƙarshen shekarun 1990. Da aka shafe makonni ana tafka ruwan sama a farkon 2006, tafkin ya cika, ruwan ya rasa hanya.

An tuhumi Pflueger da laifin kisa ba da niyya ba a 2008. A 2009 aka sasanta ƙararrakin diyya a kan dala miliyan 25. A 2013 ya amince ba zai musanta tuhumar jefa rayuka cikin haɗari da ganganci ba, aka yanke masa wata bakwai a gidan yari a 2014. Majalisar Hawai ta yi sabuwar dokar lafiyar madatsu a 2007, bayan an binne mutane.

Haɗari mai sanɗa

Darasin Ka Loko shi ne lamba na tsayawa wuri ɗaya, mutane kuwa ba sa tsayawa. Madatsar da aka gina a tsakiyar gonaki shekara 50 da suka wuce, yau unguwa ce a gindinta. Gida ɗaya tak da aka gina a cikin taswirar ambaliya ya isa ya mayar da ita mai babban haɗari, ko da ba a taɓa ko tsakuwa ɗaya a jikinta ba. Haɗarin na shigowa ne da sanɗa, fuloti bayan fuloti.

Matsalar ta haɗa ofisoshi biyu da ba kasafai suke magana da juna ba. Mai ba da izinin gini yana ƙaramar hukuma, mai duba madatsa yana hedikwatar jiha. Na farko bai san akwai tafki a sama ba, na biyu bai san an yanka filaye a ƙasa ba. Shi kuma mai madatsa ba shi da wata riba a sanar da hukuma, domin ɗaga lambar na nufin faɗaɗa mafita, ɗaukar injiniya da rubuta shirin gaggawa, aikin da kan ci kuɗi fiye da abin da tafkin ke kawo masa. Ƙarancin dubawa na hana a gano an sami sababbin gidaje, rashin ganowa kuma na barin lambar a ƙasa, lambar ƙasa na ƙara rage dubawa.

Misalin da ke nuna amfanin lambar da ta dace ya faru a jihar Michigan. Madatsar Edenville, wadda ta fi Ka Loko girma, ta ƙasa ce kuma mallakar kamfanin Boyce Hydro. Hukumar makamashi ta tarayya ta ƙwace lasisin samar da lantarkinta a Satumbar 2018 saboda an shafe shekaru ba a faɗaɗa mafitar rarar ruwa ba. Ta karye ranar 19 ga Mayu, 2020, ruwanta ya haura madatsar Sanford da ke ƙasa, ya shiga birnin Midland. An kwashe kimanin mutum 10,000, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin an san ta a matsayin mai babban haɗari, akwai shiri a ƙasa, jami'ai kuma sun fara kwashe jama'a tun kafin ta karye. Lambar ba ta hana ginin faɗuwa ba, amma ta sa an farkar da mutane a kan lokaci. Kamfanin kuwa ya shelanta karyewar jari bayan 'yan watanni, nauyin sake gini ya koma kan mazauna yankin da gwamnati.

Girman da doka ke gani

Kowace ƙasa na da iyakar da idan madatsa ba ta kai ba, doka ba ta ganin ta. A Amurka, madatsa na shiga kundin ƙasa idan tsayinta ya kai ƙafa 25, wato kimanin mita 7.6, ko ruwanta ya kai kusan kubik mita 62,000, tare da wasu ƙananan sharuɗɗa, ko kuma an riga an ba ta lambar babban haɗari ko matsakaici. A Ingila, dokar tafkuna ta 1975 ta shafi waɗanda ke riƙe da fiye da kubik mita 25,000 sama da doron ƙasa. A Afirka ta Kudu, dokar ruwa ta 1998 ta ɗauki madatsa a matsayin mai barazana idan bangonta ya haura mita 5 kuma ruwanta ya haura kubik mita 50,000. Dole a yi mata rajista, sannan a sanya ta a rukuni na ɗaya, na biyu ko na uku bisa girma da ɓarnar da za ta iya yi.

Ƙasa da waɗannan iyakoki akwai ɗimbin tafkunan gona da babu wanda ya ƙirga su. Idan suka jeru a kan rafi ɗaya, karyewar na sama kan tura ruwa ga na ƙasa, shi ma ya karye. An ga irin wannan a jihar Carolina ta Kudu a Oktoban 2015, lokacin da madatsu da dama, akasarinsu ƙananan na ƙasa masu zaman kansu, suka ɓalle a ruwan sama guda.

Dokokin da aka rubuta bayan jana'iza

Kusan kowace dokar madatsu na da bala'in da ya haife ta. A ranar 31 ga Mayu, 1889, madatsar South Fork ta karye a jihar Pennsylvania, ta kashe mutum 2,209 a Johnstown da kewaye. Mallakar wata ƙungiyar shaƙatawa ce ta attajirai irin su Andrew Carnegie da Henry Clay Frick. An rage tsayin doronta domin keken doki su iya giftawa, aka kuma sa raga a bakin mafita domin kada kifi ya tsere. Babu kotun da ta ɗora wa ƙungiyar biyan diyya.

A Fabrairun 1972, madatsar sharar kwal ta wani kamfani ta ɓalle a Buffalo Creek ta kashe mutum 125, majalisar Amurka ta yi dokar duba madatsu a wannan shekarar. Amma ba a fara dubawar da gaske ba sai bayan daren 6 ga Nuwamba, 1977, lokacin da madatsar Kelly Barnes, ƙaramar madatsar ƙasa da ke saman wata kwalejin addini a Toccoa ta jihar Jojiya, ta karye ta kashe mutum 39. Shugaba Jimmy Carter, ɗan asalin jihar, ya ba da umarnin a duba madatsun da ba na tarayya ba masu babban haɗari. Zuwa 1981 an duba kusan 9,000, aka samu kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci.

Wa ke ɗaukar alhaki?

Ƙa'idar shari'a mafi shahara a wannan fanni ta samo asali ne daga wani tafki mai zaman kansa. A shari'ar Rylands da Fletcher, wadda majalisar dattawan Birtaniya ta yanke a 1868, mai wata masaƙa ya sa an gina masa tafki, ruwan ya bi tsofaffin ramuka ya cika mahaƙar kwal ta maƙwabcinsa. Hukuncin ya tabbatar cewa wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa domin amfanin kansa, idan abin ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya, ko da ba a tabbatar da sakaci a kansa ba. Kotunan Najeriya na aiki da wannan ƙa'ida. Kotun Ƙoli ta yi amfani da ita a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP a 1975.

Sai dai hukunci abu ne, biyan kuɗi wani abu ne. Mai ƙaramar madatsa sau da yawa ba shi da dukiyar da za ta biya ɓarnar da ruwansa zai yi. Ribar tafkin tasa ce shi kaɗai, asarar kuwa ta maƙwabta ce da baitulmali. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashe ke sa ido tun kafin aukuwa, maimakon jiran ƙara.

Solai, Kenya

Afirka ta ga nata. A daren 9 ga Mayu, 2018, wata madatsar ƙasa da ke cikin wata babbar gonar kasuwanci a Solai, cikin gundumar Nakuru ta Kenya, ta ɓalle bayan makonni ana ruwan sama. Ruwan ya ratsa ƙauyukan da ke ƙasa ya kashe mutum 48, da yawansu yara. Hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasar ta ce madatsar ba ta da izini. An gurfanar da mutum tara, cikinsu akwai manajojin gonar da jami'an gwamnati, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Ka Loko lambar ce ta tsufa. A Solai ba a ma kai ga ba da lambar bisa ƙa'ida ba, tunda ginin bai bi ta ƙofar doka ba.

Abin da ya shafi Najeriya

Manyan madatsun arewacin Najeriya na gwamnati ne, amma da yawansu na ƙasa ne, kuma ruwa ba ya tambayar mai gini. Madatsar Bagauda ta jihar Kano ta ɓalle a Agustan 1988. Ta Alau a jihar Borno, wadda ambaliyarta ta taɓa shiga Maiduguri a 1994, ta sake ɓallewa ranar 10 ga Satumba, 2024, ta mamaye babban ɓangare na birnin da Jere, ta raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu.

Ƙasa da waɗannan akwai ƙananan madatsu da ake ginawa a manyan gonaki, wuraren kiwo da wuraren haƙar ma'adinai, da kuma waɗanda ke fitowa a kasafin kuɗi a matsayin ayyukan mazaɓu, a gina su a miƙa wa al'umma. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sanya madatsu masu faɗin ruwa hekta 200 zuwa sama a jerin ayyukan da cikakken nazari ya zama dole a kansu. Tafkin gona ba ya kusantar wannan girma. Akwai dokar albarkatun ruwa ta 1993, akwai ƙa'idojin madatsu da tafkuna da hukumar NESREA ta fitar a 2014, akwai kuma hukumomin raya kogunan ƙasa. Abin da kwarewar sauran ƙasashe ta nuna shi ne doka ba ta aiki sai an samu kundin da kowa zai iya dubawa, da injiniyan da ke zuwa wurin da ƙafarsa, da kuɗin gyara da ke fitowa kowace shekara. Garuruwan arewa kuwa na ta faɗaɗa zuwa fadamu da kwaruruka, wanda shi ne ainihin yanayin da ke haifar da haɗari mai sanɗa.

Alamomin da mazauna za su iya gani

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya lura da wasu abubuwa. Ruwa mai laka da ke fitowa daga baya ko gindin madatsa alama ce ta gaggawa, domin yana nufin ƙasar ciki na tafiya. Ruwa garau da yawansa ke ƙaruwa shi ma abin kai rahoto ne. Haka nan tsagewa a doro, lotsawa, rami a gangare, wurin da ciyawa ke kore shar da rani alhali kewaye ya bushe, da ruwan tafki da ke juyawa kusa da bango kamar ana zuƙe shi. Sai manyan bishiyoyi da shuri a jikin ginin, mafitar da aka toshe da buhunan yashi ko katako domin ƙara tara ruwa, da ɗibar ƙasar gini a gindin madatsa. Idan ruwa ya kusa doro ana kuma ci gaba da ruwan sama, abin yi shi ne a hau tudu ta gefen kwarin, kada a bi hanyar da ruwan zai bi.

Tambayoyi biyar ga hukuma

Duk al'ummar da ke zaune a ƙasa da madatsa na da haƙƙin samun amsar waɗannan, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan Najeriya damar neman su a rubuce daga hukumomin tarayya:

Wane ne mai madatsar a takarda, kuma wa ke biyan kuɗin kula da ita?

An taɓa lissafa inda ruwanta zai bi idan ta karye, kuma gidaje nawa ne a wurin a yau?

Yaushe injiniya ya duba ta na ƙarshe, kuma ina rahotonsa?

Wane girman ambaliya aka tsara mafitarta ta ɗauka, kuma tana buɗe?

Idan abu ya faru da tsakar dare, wa zai kira wa, kuma ina mutane za su nufa?

Amsar tambaya ta biyu ita ce ke yanke matakin haɗari, kuma tana canjawa duk lokacin da aka kafa sabon gida a kwari. Saboda haka ba a yin ta sau ɗaya a rufe fayil. Lokacin da ya fi dacewa a maimaita ta shi ne da rani, tafki na ƙasa, jikin madatsa a fili, kafin hadarin farko ya haɗu.